Yadda ake ɗanɗana giyar hunturu mai furen hof a yanke mata hukunci

Daga wajen ƙarshen Oktoba zuwa Janairu, ƙananan kamfanonin giya na Amurka sukan fitar da giyar da ba a samunta sai a lokacin sanyi. Iri biyu ce, kuma sabon shiga yakan cakuɗa su. Akwai mai duhu mai zaƙi-zaƙi, wadda wani lokaci ake zuba wa kirfa da citta, irin ta Kirsimeti da kamfanin Anchor na San Francisco ya fara a 1975. Akwai kuma wadda ake cika wa furen hof na sabon girbi, wato wannan tsiro mai yaɗo da ke ba giya ɗaci da ƙamshi. Ana girbe shi daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, mafi yawan na Amurka a kwarin Yakima na jihar Washington. Uwar wannan iri ita ce Celebration ta kamfanin Sierra Nevada da ke Chico a Kalifoniya, wadda aka fara dafawa a 1981. A kanta zan yi misali, amma matakan ɗaya ne ga duk 'yan uwanta.

Wanda addininsa ya hana shi sha ya riga ya san matsayinsa, ba kuma ina kiran kowa ba ne. Ina magana da masu sha, da masu aiki a mashaya ko gidan abinci da ake tambayarsu "yaya wannan take?" su rasa amsa.

Aikin yana farawa tun a kanti. Juya gwangwanin ko kwalbar ka nemi ranar da aka ɗura ta. Man da ke cikin furen hof ba ya jimawa, shi ne farkon abin da ke gudu. Ni dai in ta haura wata uku ba na saye, balle in zauna ba ta maki. A watan Maris za ka ga an karya farashin ragowar ta hunturu an jera a bakin ƙofa. Arha ce ta banza, ka biya kuɗi ne ka sayi ɗaci ba ƙamshi. Ka ɗauki wadda ke cikin firiji, ka bar wadda aka jera a kan kantar shago kusa da taga. Haske yana taɓa sinadarin hof ya mai da shi wari irin na tunku, shi ya sa gwangwani ko kwalba mai ruwan ƙasa suka fi koriya da fara.

Sai sanyi, kuma a nan ne kusan kowa yake faɗuwa. Mutanenmu sun saba da laga, wato giyar nan marar nauyi mai ruwan zinare, wadda ake so ta fito daga firiji tana raɓa, in ma da hali da ƙanƙara a wuyan kwalba. Laga tana jure haka. Wannan ba ta jurewa. Firijin gida yana wajen digiri 3 zuwa 4, kuma a wannan sanyin ƙamshi ba ya tashi, zaƙin tsiron sha'ir yana ɓuya, sai ɗacin ya tsaya shi kaɗai tsirara. Na sha ganin mutum ya buɗe, ya kurɓa, ya yamutsa fuska ya ce magani ce, alhali bai ma haɗu da giyar ba tukuna. Fitar da ita ka ajiye a tebur minti 15 zuwa 20, ta kai wajen digiri 8 zuwa 12. Ba sai ka sayi ma'aunin zafi ba. In ka riƙe kofin tafinka bai yi tsami don sanyi ba, ta kusa. Kofin da aka daskarar a firiza kuwa, in an kawo maka shi a mashaya ka mayar da ladabi ka nemi wani.

Kofin ya zama na gilashi, mai faɗin ciki da ɗan tsukakken baki. Ana sayar da na musamman da tsada, amma kofin ruwan inabi na gida ya isa. Abin da ba na sassauci a kai shi ne tsabta: maiƙo ko ragowar sabulu suna kashe kumfa nan take, kuma in ka ga ƙananan kumfa sun manne a jikin gilashin daga ciki, kofin bai wanku ba. Karkata shi ka zuba rabi, sannan ka miƙe shi ka zuba a tsakiya don kumfa ta tashi kamar kaurin yatsu biyu.

Kada ka tsaya kallo. Kai hanci da farko, domin ƙamshin da ya fi daraja shi ne ya fi saurin tashi. Shaƙa gajere-gajere sau biyu ko uku. Rufe bakin kofin da tafin hannu, ka ɗan juya shi, ka buɗe ka sake shaƙa. A Celebration ana amfani da hof irin Cascade da Centennial, don haka abin da ya kamata ka ji shi ne ɓawon garehul, wani babban lemo mai ɗaci-ɗaci, da ƙaron itacen fayin, bishiyar nan mai ganye kamar allura, a ƙarƙashinsu kuma ɗan ƙamshin gasasshen burodi da ƙonannen sukari. Af, ranar ɗanɗano ba a fesa turare. Na san wannan yana yi wa Bahaushe nauyi, amma wanda ya shigo yana tashin oud ya toshe hancinsa da na maƙwabcinsa. Haka taba, haka abinci mai yaji kafin a zauna. In hancinka ya gaji, shinshina hannun rigarka, zai dawo.

Kallo minti guda ya ishe shi. Ɗaga kofin wajen haske: launin jan ƙarfe, kumfa mai ɗan ruwan madara da ke barin zane a jikin gilashi. A takardar makin BJCP, ƙungiyar da ke horar da alƙalan giya tun 1985, kamanni maki 3 ne kacal cikin 50. Ƙamshi 12, ɗanɗano 20, yadda take a baki 5, ra'ayin gaba ɗaya 10. Duk da haka sababbi sukan ɓata lokaci suna muhawara a kan launi har kumfar ta kwanta.

Yanzu kurɓa, kuma ga dokata: ba a yanke hukunci sai a kurɓi na uku. Na farko na harshe ne, ya gama firgita. Ana auna ɗacin giya da ma'aunin IBU. Celebration tana da 65, lagar da aka saba da ita a Jos ko Kaduna kuwa ba ta kai rabin haka ba. Wanda ya saba da baƙar Guinness ta Najeriya ya fi saurin daidaitawa. A kurɓi na biyu ka bar ta ta zagaya baki, ka lura da abin da ya fara zuwa, zaƙin hatsi ne ko ɗaci. A na uku ka haɗiye, ka rufe baki, ka fitar da numfashi ta hanci. A nan ƙamshin yake dawowa ta baya, sau da yawa ma ya fi na farko bayyana. Masu ɗanɗana ruwan inabi suna tofarwa, alƙalan giya suna haɗiyewa, don rabin labarin yana cikin abin da ya rage bayan an haɗiye.

Tambayar ba wai tana da ɗaci ba ce, ai don ɗacin aka yi ta. Tambayar ita ce wane irin ɗaci. Mai kyau kamar na goro yake: ya zo da ƙarfi, ya ja da baya, ya bar baki wasai har ka so ƙari. Marar kyau yana maƙalewa a maƙogwaro, yana kama harshe da bauri, kuma bayan minti biyu yana nan bai motsa ba. Kada lambar IBU ta ruɗe ka, domin a ɗakin gwaji aka auna ta. Giya biyu masu lamba ɗaya za su iya bambanta ƙwarai a baki, saboda zaƙin sha'ir yana rufe ɗaci. Giyar hunturu ta gari tana da isasshen jikin da zai ɗauki hof ɗinta. In zaƙin ya yi yawa sai ta yi danƙo ta gundure ka a rabin kofi, in ya yi kaɗan sai ta zama ruwan ɗaci. Barasarta, kashi 6.8 cikin ɗari a Celebration, ɗan ɗumi ya kamata ta bari a ƙirji. In tana ƙuna kamar fetur, aibi ne.

Sauran aibobin ba su da wuyar ganewa. Warin jiƙaƙƙen kwali yana nufin iska ta shige ta, ta tsufa. Ƙamshin man shanu da santsi a harshe, ko na ɗanyen tuffa, alama ce an raba ta da yisti kafin ya gama aikinsa. Tsami a irin wannan giya ƙwayoyin cuta ne suka shiga. Amma ka rarrabe laifin mai dafawa da laifin mai kanti, kada ka rage wa kamfani maki a kan gwangwanin da ya kwana wata biyar a ɗaki mai zafi.

Rubuta abin da ka ji kafin ka buɗe baki, don da zarar wani ya ce "abarba" kowa a teburin zai ji abarba. In kuna gwada da yawa, ku fara da mai sauƙi ku ƙare da mai ƙarfi, ruwa da biskit marar gishiri a tsakani, kuma kada su wuce huɗu ko biyar a zama ɗaya, rubu'in kofi kowace. Ragowar kofin ka bar shi ya ƙara ɗumi minti goma ka sake kurɓa, sannan ka sa makin ƙarshe. Mota kuma wani ya tuƙa.