Yadda Za Ki Ba Baba Maganin Hawan Jini da na Fitar da Ruwa a Gida

Idan an sallamo Baba daga asibiti, ko LUTH ne (asibitin koyarwa na Jami'ar Legas) a Idi-Araba ko na kusa da ku a Agege, aikin nas ya dawo hannunki.

1. Da safe, bayan ya yi fitsari, ki ɗora shi kan sikeli ki rubuta nauyinsa. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 alama ce ruwa na taruwa, sai a kira likita.

2. Ya zauna minti 5, sannan ki auna hawan jininsa. In lambar sama a na'urar awon ta gaza 90, ki dakata da maganin ki tuntuɓi likita.

3. Lasix, wato maganin fitar da ruwa, da safe ake sha. In aka ba shi da dare, kwana zai yi yana zaryar bayi, kuma a nan tsofaffi ke faɗuwa. Ya riƙa tashi a hankali, musamman da zafin Legas.

4. Don Allah kada a sayo masa ibuprofen ko diclofenac a kemis don ciwon gwiwa, suna cutar da ƙoda. A rage gishiri, magi da kanwa a miya.

5. In ya yi busasshen tari bayan fara lisinopril, wani maganin hawan jini, a gaya wa likita.