Yadda Za Ka Haɗa Wasan Kati Daga Tatsuniya

Kar ka rubuta tatsuniya a jikin kati, wannan shi ne abu na farko kuma nan yawancin masu farawa suke tuntuɓe. Bakin ɗan wasa ne zai ba da labari, shi kati aikinsa kawai ya tsokano bakin. In ka cika shi da rubutu layi biyar kowa zai sunkuyar da kai yana karatu, wasa ya mutu ke nan. Kalma ɗaya ko biyu da ɗan zane sun isa: rijiya, kishiya, ƙwaryar da ta fashe.

To ina za ka samo kalmomin? Ɗauki tatsuniyoyi kamar goma da ka haddace ka wargaza su gunduwa-gunduwa a takarda, za ka ga abubuwa iri ɗaya ne suke ta dawowa, an aiki yarinya daji, ta haɗu da tsohuwa, an gwada halinta, ta dawo da arziki, 'yar kishiya ta ce ita ma sai ta je. Wani masani ɗan Rasha, Vladimir Propp, ya yi irin wannan aikin a 1928 a kan tatsuniyoyin ƙasarsu, ya fitar da matakai 31 da labaran ke bi. Kai ba ka buƙatar 31, kaso huɗu ya wadatar: mutane da dabbobi, wurare, kaya, sai abin da ya faru. Kowane kaso kati 12 zuwa 15, sannan ka ware wasu daban na ƙarshen labari, kowa a ba shi ɗaya ya ɓoye, burinsa ya karkato labarin ya faɗa kan nasa ƙarshen bayan ya zubar da katunan hannunsa.

Yanzu ga inda nake so ka zauna ka ɓata lokaci sosai. Halin da aka san dabba da shi a tatsuniya ya zama shi ne dokar katinta, ba wai zane kawai ba. Gizo makirci ne da shi, don haka wanda ya ajiye Gizo yana da ikon ya cusa wa na kusa da shi kati ɗaya daga hannunsa, amma da sharaɗin sai ya shirya ƙarya a cikin labarin wadda sauran 'yan wasa za su yarda ta shiga, in ba su yarda ba katin ya dawo masa. Kura kuwa kwaɗayi, duk wanda ta faɗo wa dole ya ja kati biyu, kuma tunda mai cin wasa shi ne wanda hannunsa ya fara ƙarewa ka ga kwaɗayin ya zame masa kaya. Ƙoƙi ita ce mai warware abin da Gizo ya ƙulla. Dodo in ya fito labari ba zai ci gaba ba sai an faɗi yadda aka kuɓuta. Haka yaro zai gane halin kowa ba tare da an yi masa bayani ba, wallahi wannan ya fi komai daɗi a teburi.

Sai katin gargaɗi, wanda a ganina shi ne zuciyar wasan. "Kar ki waiwaya." "Kar ka buɗe sai ka isa gida." Duk mai sauraron tatsuniya ya san da an ce kar a yi to za a yi, saboda haka ka sa doka: wanda ya ajiye gargaɗi, cikin zagaye biyu dole wani ya karya shi ya kuma faɗi abin da ya biyo baya. Nan take kowa ya kasa kunne.

Ka kuma ba da damar katsewa. In mai magana ya ambaci rijiya kai kuma katin rijiya na hannunka, ka buga shi ka karɓe labarin. Wani wasan kati na ba da labari mai suna Once Upon a Time da ya fito a 1993 a kan wannan dabarar aka gina shi. Ka ƙara kati biyu ko uku na waƙa, wanda ya ajiye ya rera baiti kowa ya amsa. A buɗe da "ga ta nan ga ta nanku", a rufe da "ƙurunƙus".

Maganar kwali ba ta da wuya. Girman katin da aka saba shi ne milimita 63 da 88, bayan kowanne ya zama iri ɗaya don kar a gane. Amma kar ka je wajen firinta tukuna, yanka takarda ka rubuta da biro ka tara mutum huɗu su buga, kai ka yi shiru ka zuba ido. Katin da ka ga yana kwana a hannun mutane har wasa ya ƙare ya yi ƙunci da yawa, misali "zoben sarki na azurfa", mayar da shi "zobe" kawai ka sake gwadawa da wasu mutanen da ba su taɓa ganin wasan ba.