Yadda Ake Gane Ko Tiyata Za Ta Kwashe Ciwon Dajin Ƙwan Mace Gaba Ɗaya

Burin likita a wannan aiki shi ne ya rufe ciki babu sauran ƙari ko ɗaya da ido zai gani. In hakan ba zai samu ba, gara wuƙa ta dakata.

Da farko, kada ku yarda a buɗe marar lafiyar da sakamakon sikanin kaɗai. Nan mutanenmu na karkara suke faɗawa. Cikin Inna ya kumbura, an kai ta wani ƙaramin asibiti, an ce ƙari ne, a kawo kuɗi jibi. A sayar da buhunan riɗi da ɗan bijimi, a buɗe, a tarar ciwon ya bazu a jikin hanji kamar an watsa gero, a mayar a ɗinke. Kuɗi sun tafi, ga rauni da sai ya warke kafin a fara wani magani. Ku nemi takardar da za ta kai ku asibitin Malam Aminu Kano, ko wani asibitin koyarwa mai ƙwararren likitan mata da ya saba da aikin daji.

Na biyu, hoton CT, wanda na'ura ke ɗaukar cikin jiki daki-daki, kuma ya haɗa ƙirji da ciki da mara. Da tsada, na sani. Amma na mara kaɗai da wasu suke yi don neman sauƙi, asara ce, domin abin da ke hana kwashewa yawanci a sama yake: cikin hanta da mashigarta, tushen ƙananan hanji, ko huhu. Ku karɓo faifan hoton, takardar bayani kaɗai ba ta isar mai tiyata.

Sai gwajin jini na CA-125, wani sinadari da wannan ciwo yakan ɗaga a jini. Ya wuce 35 ana cewa ya hau, amma shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Tibin ciki ma yana ɗaga shi, yana tara ruwa, kuma muna da shi a nan. Sai an ɗebi tsoka an auna ake tabbatarwa.

Ƙananan tsiro sukan ɓuya wa CT. In likita yana kokwanto, yakan huda ƙaramar kafa ya zura kyamara ya duba. Akwai ma'aunin da likita Anna Fagotti ta Italiya ta fitar a 2006: wurare 7 ake dubawa, kowanne da ciwon ya kama maki 2 ne. Maki ya kai 8, da wuya a kwashe duka.

A duba ƙarfinta kuma. In likita ya tambaya ko tana cin abinci, tana zuwa banɗaki da ƙafarta, ku faɗi gaskiya. Ban da "da sauƙi" na kunya.

In an ce ba yanzu ba, kemo ne, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, zagaye 3, mako 3 tsakani, a sake hoto, a yi aikin, sannan a ƙarasa sauran zagayen. Kuɗin motar waɗannan zuwa ku ware shi tun yau.