Kar mu riƙa fassara karin maganar Turanci kalma-kalma

Salam 'yan uwa, wata 'yar shawara ce gare mu masu koyon Turanci. Kwanaki ƙanwata za ta shiga intabiyu na aiki, sai wata ƙawarta 'yar Ingila ta turo mata saƙo wai "break a leg", wallahi ranta ya ɓaci sosai, har ta kira ni tana cewa Yaya ji fa, wai in karya ƙafa, me na yi mata? Ashe fatan alheri ne, kamar mu ce Allah ya ba da sa'a. 'Yan wasan kwaikwayo ne suka saba faɗarta, suna camfin in ka yi wa mutum fatan sa'a kai tsaye kafin ya hau dandamali to akasin haka zai faru, shi ya sa suke juya maganar.

Mu ma ai haka ne, Bature ya ji an ce wane ya kwanta dama zai ɗauka barci yake.

Don Allah in kun ci karo da irinta ku kwafi maganar gaba ɗayanta ku sa a ƙamus ɗin Cambridge ko Oxford na intanet, ku karanta misalan da ke ƙasa. Wanda ya ce maka "break a leg" kuwa, godiya kawai za ka yi masa.