Yadda nake tsara waƙoƙi, karatu da bidiyo da VLC

Sana'ata zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi a katin memwar, nan kusa da tashar mota a Tahoua. Kusan kowace waya aka miƙo mini ciwonta ɗaya: kaya sun cika ta, amma mai ita ba ya iya fiddo abin da yake so ya ji. Sai ya ce manhajar ce ba ta da kyau. Manhaja kuwa sunan da ka ba fayil shi take nuna maka. In sunansa AUD-20230512-WA0007 yadda WhatsApp ya raɗa masa, haka za ka gan shi.

Ni VLC nake sa wa kowa, manhajar kunna sauti da bidiyo mai alamar mazurari ruwan lemo. Ɗaliban École Centrale ta Paris suka faro aikin a 1996, aka sake shi kyauta ga duniya a 2001, kuma har yau babu talla a cikinsa. Yana buɗe mp3, mp4, mkv, avi, har da saƙon murya na opus da wasu manhajoji ke ƙi. A waya ka ɗauko shi daga Play Store, a kwamfuta daga videolan.org, ban da wanda ake turawa ta Xender ba a san asalinsa ba.

Kafin ka buɗe shi, fara da dosiye. Huɗu sun isa: Alƙur'ani, Wa'azi, Waƙoƙi, Bidiyo. Cikin kowace, malami ko mawaƙi da tasa dosiyen.

Sai lamba, kuma nan ne mutane ke faɗuwa. Surori 114 ne. In ka rubuta 1, 2, 3, na'urori da yawa za su jera maka 1, 10, 100, 101, sai can ƙasa 2 ta fito. Kana gama Fatiha sai ka ji Yunus. Rubuta 001, 002, har 114. Tafsirin azumi kuma 01 zuwa 30, tare da shekara. Rediyon wasu motoci ma bai duba suna sam, yadda aka zuba fayil ɗin haka yake bi. Don haka in direban Agadez ko Ƙonni ya kawo kile, dosiye ɗaya-ɗaya nake zubawa, a jere.

Akwai wani suna da ke ɓoye cikin fayil, shi ne VLC ke karantawa ya raba waƙoƙi bisa mawaƙi. Shi ya sa wani lokaci ka gyara sunan waje, amma allo ya nuna lambar wayar wani mai zuba waƙa a Kano. A kwamfuta danna Ctrl+I, ka gyara take da sunan mawaƙi, ka adana. In fayil ɗin sun yi yawa, Mp3tag, wani shirin kwamfuta na gyaran waɗannan sunaye, ya fi sauri, yana gyara ɗari a tashi ɗaya. Kuma ka tsaya kan rubutu guda: "Malam" yau, "Mallam" gobe, manhaja mutum biyu za ta ɗauka.

A waya, shiga saitin VLC ka zaɓi dosiyen da zai riƙa dubawa, ka cire ta WhatsApp. In ba haka ba, gaisuwar gwaggonka daga Abalak za ta faɗo tsakiyar waƙar kokowa.

Wa'azin bidiyo yana cin wuri ba gaira ba dalili, tunda murya ake nema. A VLC na kwamfuta danna Ctrl+R, ko Média sannan Convertir / Enregistrer ga mai kwamfutar Faransanci, ka sa bidiyon, ka zaɓi Audio - MP3. A 128 kbps minti ɗaya wajen mega ɗaya ne, wa'azin awa guda bai wuce mega 60 ba.

In fim ya zo baki na motsi murya na baya, maɓallan J da K na kwamfuta ke daidaita su. Rubutun ƙasan allo kuma G da H.

Jerin waƙoƙi na biki ko na tafiya ana adana shi da Ctrl+Y. Sai dai jerin ba waƙoƙin ke cikinsa ba, adireshinsu kawai yake riƙewa. Ka sauya wa dosiye suna, jerin ya mutu. Shi ya sa nake barin shi sai ƙarshe.

Maganar kati: FAT32 da exFAT tsarin fomatin kati ne. FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce jiga 4, exFAT na karɓa, amma tsofaffin rediyon mota da ƙananan akwatunan kiɗa FAT32 suka sani. Katin da aka rubuta wa jiga 64 a kuɗin na 8, gwada shi da H2testw, shirin kwamfuta mai auna ainihin girman kati, kafin ka zuba komai. Na jabu yana karɓar kaya kamar gaske, sai ranar buɗewa ka tarar rabi ba ya aiki. Bidiyon suna ko na aure da babu shi a intanet, ka ajiye kwafi na biyu a kwamfuta ko a wata kile, kuma kada ka zare kati ana cikin zubawa.