Kurakuran Da Ke Lalata Ƙodar Dashe Wajen Shan Magani, Da Gyaransu

Wanda aka yi wa dashen ƙoda, a nan Legas aka yi, ko Kano, ko Indiya, jikinsa ba ya daina kallon ƙodar a matsayin baƙuwa, ko da ta ɗan'uwansa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da ke hana garkuwar jiki far mata shi ne magani, yawanci uku a haɗe: takrolimus ko saiklosporin, da maikofenolet, da furednisolon. Takrolimus ne mai wuyar sha'ani. In ya yi ƙasa a jini, jiki ya fara yaƙar ƙodar. In ya yi yawa, shi da kansa yana matse hanyoyin jinin ƙodar har ya illata ta. Tazarar da ke tsakani kaɗan ce, likitoci sukan nemi ya tsaya wajen nanogiram 5 zuwa 10 a kowane mililita na jini, a ɗan ɗaga shi a watannin farko. Galibin kurakuran da muke gani, wannan ma'aunin suke karkatarwa, kuma ƙoda ba ta ciwo da wuri balle ta yi gargaɗi.

Na farko shi ne lokaci. Takrolimus irin na sau biyu a rana, kamar Prograf, awa 12 ake bari tsakanin sha da sha. Da yawa sukan ɗaure shi da sallar Asuba da Isha'i don kada su manta. Niyyar mai kyau ce, amma a Legas tsakanin waɗannan salloli ya haura awa 14, dare kuma bai kai 10 ba. Ku zaɓi 7 na safe da 7 na yamma, ko 8 da 8, ku sa ƙararrawa a waya. Mai fita daga Agege ko Mile 12 da sassafe ya san cunkoson motoci na iya riƙe shi a hanya har dare, don haka ya riƙa fita da maganin yamma a aljihu, cikin takardarsa, da ruwa. Abinci ma yana rage yawan maganin da hanji ke tsotsa, musamman mai maiƙo. Ya fi kyau a sha awa 1 kafin cin abinci ko awa 2 bayansa. In kuwa an saba sha da abinci, kada a sauya, domin a kan wannan sabon aka daidaita adadin.

Idan an manta, ba a haɗa biyu a sha don ramuwa. In sa'o'i kaɗan ne suka wuce a sha, in lokacin na gaba ya matso a jira shi, sannan a gaya wa likita.

Akwai kuskuren da ke yaudarar likita kansa, shi ne na ranar gwajin jini. Gwajin takrolimus yana auna mafi ƙarancin abin da ya rage a jini ne, wato awa 12 bayan shan na dare, kafin a sha na safe. Mutum zai haɗiye maganinsa a gida, ya hau mota, a ɗebi jininsa bayan awa 2 lokacin da maganin ke ganiyarsa. Sakamako ya fito sama, likita ya rage adadi, alhali a gaskiya daidai yake, ko ma ƙasa. Bayan makonni sai kiriyatinin, wato dattin jinin da ake aunawa don sanin aikin ƙoda, ya fara hawa. Gyaran: ranar gwaji a tafi da maganin, a bari a ɗebi jini, sannan a sha nan take. In an riga an sha bisa kuskure, a faɗa, ba abin kunya ba ne. A kuma rubuta ainihin ƙarfe nawa aka sha na daren jiya.

Sai sauya kamfani. Wanda ya dawo daga Indiya da Pangraf, ya ƙare, ɗansa ya je ya samo wani takrolimus ɗin, ba lallai jiki ya tsotse su daidai wa daida ba. Duk sauyi sai da sanin likita, a maimaita gwajin jini cikin mako guda. Mafi haɗari shi ne rikita na sau biyu da na sau ɗaya a rana, irin Advagraf, wanda ke narkewa a hankali. Haka kuma 0.5 da 5: a ido ɗigo ne kawai bambancinsu, a jiki ninki goma ne. A Prograf, na miligiram 0.5 ruwan ɗorawa ne, na 1 fari, na 5 ja mai toka-toka. Ku karanta kwalin kafin ku bar kantin, ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ku saya a kantin magani mai rajista. Zafi da laimar Legas suna lalata kafso, don haka kada a ɓare shi daga takardarsa sai za a sha, kada a bar shi cikin mota a rana.

Magungunan da ake saya kai-tsaye a kemis sun jawo wa mutane da yawa asarar ƙoda. Klaritromaisin da eritromaisin na tari da mura, da fulukonazol da mata ke sha don ƙaiƙayin gaba, suna toshe hanyar da hanta ke bi ta narkar da takrolimus, sai ya taru. Alamarsa rawar hannu, ciwon kai, hawan sukari da raguwar fitsari. Rifamfisin na tarin fuka akasin haka yake yi, yana sa hanta ta cinye maganin da sauri har a wayi gari kamar ba a sha, don haka duk wanda za a fara wa maganin tarin fuka dole likitan ƙodarsa ya sani tun ranar farko. Ibufrofen da daiklofenak na ciwon jiki suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Farasitamol ne abin sha. Mai shan azatayofrin, wani maganin danne garkuwar jiki da ake ba wasu a madadin maikofenolet, kada ya haɗa da alofurinol na ciwon gaɓɓai, haɗin yana durƙusar da ɓargo. Maganin gyambon ciki mai ruwa fari yana kama maikofenolet a hanji, a raba su da awa 2. Garehul da ruwansa an bar su har abada. Jiƙe-jiƙen gargajiya kuwa, na basir ne, na shawara, agbo ko kayan mata, ba wanda ya auna abin da ke ciki, ƙoda guda ɗaya ba wurin gwaji ba ce.

Gudawa ma tana ɗaga takrolimus, abin da mutane ba sa zato, domin a tunaninsu maganin fita yake yi. Kada a ƙara adadi. In ta wuce kwana ɗaya, ko amai ya hana magani zama a ciki, asibiti za a je a ranar.

'Yar'uwa mai son haihuwa, maikofenolet yana jawo ɓari da nakasar jariri. Ana sauya shi da azatayofrin aƙalla mako 6 kafin ɗaukar ciki, kuma an fi son a cika shekara da dashen. Ki faɗa wa likita tun kina shiri, ki kuma yi maganar da maigida. In cikin ya riga ya shiga, kada ki dakatar da komai da kanki, ki je asibiti gobe-goben nan.

Azumi a Legas yakan kai awa 13 da wani abu, wanda ke karkata tsarin awa 12, ga ƙishirwa. A shekarar farko shawararmu ita ce kada a yi, addini ya ba marar lafiya rangwame. Bayan haka, wanda ƙodarsa ta zauna ya je wata guda kafin Ramadan a tsara masa sha a sahur da buɗa-baki, a auna jini a tsakiyar wata. Maniyyaci kuma ya sani cewa rigakafin zazzaɓin shawara (yellow fever) da ɗigon shan inna na baki ƙwayoyin cuta ne masu rai da aka raunana, ba a ba mai dashe. Na sanƙarau ba shi da wannan matsalar. Likita zai rubuta takardar uzuri kan na shawara, ya ba da na shan inna ta allura.

Kuɗi ne ke sa mutane da yawa su fara tsallake rana ko raba adadi biyu, wasu kuma ganin shekara 5 lafiya lau sai su ɗauka an gama. Ba a gamawa. Furednisolon ma ba a yanke shi lokaci guda, domin jiki ya rage yin nasa sinadarin, matsin jini na iya faɗuwa. In aljihu ya yi nauyi, ku faɗa wa likita kafin maganin ya ƙare, akwai masu sauƙin kuɗi da za a iya komawa kansu cikin tsari. Ku riƙa ajiye na mako 2 a gefe.

Zazzaɓi kuma ba a ce masa maleriya ce kawai a sha magani a kwanta. Magungunan nan suna ɓoye alamun cuta. Zafin jiki da ya kai digiri 38, raguwar fitsari, kumburin ƙafa, ƙarin kilo 1 zuwa 2 cikin kwana biyu, ko ciwo a mara inda aka dasa ƙodar, kowanne ya isa a tafi asibiti a ranar, da kwalayen magungunan duka a hannu.