Yadda za ka bi asalin kalmar "ajizanci"

Idan mutum ya manta alƙawari, ko ya cika saurin fushi, sai ka ji an ce ajizanci ne irin na ɗan Adam. Mai son sanin inda kalmar ta fito zai fara da cire ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙa wa kalma a ƙarshe. Zare -anci, irin wanda ke cikin shugabanci da almajiranci, sai tushen "ajizi" ya fito, mace ajiza, jam'i ajizai.

Daga nan ka dubi siffarta. Jahili, kafiri, ajizi duk awo ɗaya ne, awon da Larabci ke yi wa mai aikata abu, Hausa kuma ta ƙara wasali a ƙarshe domin ba ta cika son rufe suna da baƙi ba. Sai ka ƙirga baƙaƙen saiwa. Yawancin saiwoyin Larabci baƙi uku ne, amma a nan haruffan jim (j) da zayi (z) kawai ake ji. Na ukun harafin ainun (ع) ne da ya ɓace a farko, kamar yadda ya ɓace a ilimi da aibi da illa. A nan masu koyo suke yawan tuntuɓe: suna neman kalmar a babin alif na ƙamusun Larabci, ba su same ta ba. Ka buɗe babin ainun, ƙarƙashin ع ج ز, za ka tarar da ma'anar gazawa. Daga wannan saiwar mu'ujiza ta fito, wato abin da ya gagari mutane su kawo irinsa.

Kada kamannin sauti ya ja ka zuwa "ajiye" ko "ajiya". Ba su haɗa komai ba. Don tabbatarwa, gwada abin da ka samu da ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

Asali kaɗai ba ya ba da ma'anar yau, saboda haka ka saurari masu magana. Balarabe kan kira wanda jikinsa ya gaza da sunan ajizi, Bahaushe kuwa ya fi nufin ƙaramin rauni a hali wanda ake yi wa uzuri. Jarraba kalmar ajizanci a jimla: mantuwa, jinkiri da yawan surutu duk suna karɓar ta. Sata da cin amana ba sa karɓa, kuma wanda ya kira su ajizanci yana sassauta laifi ne. Aibi ya fi ta nauyi, shi ake faɗa wa ragon layya mai ido ɗaya.